Ragon Iri Ba Na Kasuwar Salla Ba Ne

Kowace shekara, idan Babbar Salla ta gabato, kasuwar dabbobi ta Zango da ke Tudun Wadan Kaduna takan cika maƙil da raguna, har su malalo bakin tituna. Daga Kawo, da Unguwar Shanu, da Badarawa, da Unguwar Rimi, da Mando, kowane mai kiwo yakan kamo ragon da ya fi sauran girma da kyan gani ya miƙa wa dillali, don shi ne zai kawo kuɗi. Wannan ba laifi ba ne, gama don riba ake kiwo. Amma akwai wata hasara a ɓoye wadda ba kowa ke lura da ita ba. In an yanka manyan, wa ya rage a gida? Sai tsumburarren da aka ƙi tayawa. To, shi ne zai hau tumaki, shi ne kuma uban 'ya'yan baɗi. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru, sai mutum ya ga tumakinsa suna ta ƙanƙancewa, ya ce ai harawa ce ta yi tsada, ko kuwa iska ce ba ta karɓe su ba.

Manomin kirki ba ya cinye dawar iri. Tun a gona yake zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban, ya adana, ko yunwa ta matsa ba ya taɓa ta. Abin da ya kamata a yi wa rago ke nan. A fara fid da ragon iri tukuna, sa'an nan a kai saura kasuwa.

Rago rabin garke ne

Tunkiya takan ɗauki ciki wata 5. In ta sami kulawa sosai tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2, watau 'ya'yanta ba su da yawa komai ƙoƙarinta. Amma rago ɗaya ƙosasshe yana iya isar tumaki 30 ko fiye. Kowane ɗan da aka haifa kuwa, rabin halittarsa daga uwa ne, rabi daga uba. Saboda haka in tunkiya ɗaya ba ta da kyau, 'ya'yanta kaɗai abin ya shafa. In rago ne ba shi da kyau, garken duka ya shafa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma fa shi ma gurgun iri haka yake bin jini.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. A Ingila an yi wani manomi, Robert Bakewell, wanda ya rayu daga 1725 zuwa 1795. Shi ne ya shahara wajen ware raguna daga tumaki, ya hana su cuɗanya barkatai, ya riƙa haɗa wanda ya zaɓa da wadda ya zaɓa, har ya fid da irin tumaki masu saurin yin nama. Yakan kuma ba maƙwabta hayar ragunansa, su yi musu barbara na lokaci guda su mayar. Da haka yake gane ragon da 'ya'yansa suka fi kyau a gonaki dabam-dabam. Dabarar da ya bi ita ce tushen abin da ake koyarwa yau a makarantun aikin gona.

Wane iri ya dace da Kaduna?

Manyan irin tumakin Arewa uku ne. Akwai 'Yankasa, farare masu baƙi a zagayen ido da baki da kunne, ragonsu da geza a wuya da murɗaɗɗen ƙaho. Su ne suka fi yawa, girmansu matsakaici ne, babban rago yakan kai kilo 30 zuwa 45. Akwai Uda, dogaye masu dogon kunne, gabansu baƙi ko ja, bayansu fari, tumakin Fulani masu tafiya mai nisa. Akwai kuma Balami, farare fat, masu gantsararren hanci, su ne mafi girma duka. An fi samunsu wajen Barno, ana kuma kiwonsu a ƙasar Maraɗi ta Nijar.

Kowa ya ga Balami a kasuwa sai ya yi sha'awa. Amma a tuna, Uda da Balami 'yan ƙasar rairayi ne masu ƙarancin ruwa. Kaduna kuwa ruwanta ya fi milimita 1,000 a shekara, damina takan kai har Oktoba. Laima da taɓo su ke kawo tsutsar ciki, da kaska, da ruɓewar kofato, kuma 'Yankasa sun fi jure waɗannan. Banda haka, babban jiki babban ciki ne. Dabbar da ta fi girma ta fi cin abinci ko da tana tsaye ne kawai.

Wanda ke da ɗaki busasshe, da harawa wadatacciya, da halin sayen magani, yana iya sa ragon Balami ko Uda ya hau 'Yankasa, 'ya'yan farko sukan fi uwayensu girma. Wanda kuwa tumakinsa fita suke su nemi abinsu a bakin rafi da juji, gara ya tsaya kan 'Yankasa ya zaɓi na ƙwarai a cikinsu. Ba sai an je nesa ba. A Afirka ta Kudu, tun daga wajen 1930, sun haɗa tumakin Ingila da wasu tumakin Afirka masu baƙin kai suka fid da irin da ake kira Dorper, wanda ya yi suna wajen saurin girma. Abin da ya sa aikinsu ya yi kyau shi ne ba su yar da jinin da ya saba da zafin ƙasa ba.

Ido yakan ruɗi mai shi

Galibi a kasuwa da ido ake zaɓe. A dubi ƙaho, a dubi geza, a shafa gadon baya. Ga ragon layya wannan ya isa. Ga ragon iri bai isa ba, domin ƙibar da aka gani ta dusa ce, ba ta jini ba. Ragon da aka turke wata 4 ana ɗura masa dusa da kowar wake tilas ya yi ƙiba, amma ba zai gadar wa ɗansa dusar da ya ci ba. Abin da ke bin jini shi ne saurin girma, watau yadda dabba ke juya abinci ya zama nama. Wannan kuwa ba a gane shi sai da sikeli da littafi.

Kayan aikin ba su da yawa. Sikeli na rataya irin na masu sayen hatsi, da buhu wanda aka huda wa ƙafafu, da littafi, da alkalami. Kowane ɗa a ba shi lamba ko suna, a rubuta uwarsa, da ubansa, da ranar haihuwarsa, da ko shi kaɗai ne ko tagwaye ne. A auna shi sau 3: ranar da aka haife shi, da ranar da ya cika kwana 90 lokacin yaye, da ranar da ya cika kwana 180. A riƙa awon da safe kafin a ba su abinci da ruwa, don cikakken ciki yana ƙara nauyin ƙarya.

Ga yadda lissafin yake. A misali, an haifi ɗan rago da kilo 3, ya cika kwana 90 da kilo 12. Ƙarinsa kilo 9 ke nan. A raba 9,000 na giram da kwana 90, ya ba da giram 100 kowace rana. Wani kuma an haife shi da kilo 3, amma kwana 90 ya same shi da kilo 9 kawai. Ƙarinsa kilo 6, watau wajen giram 67 a rana. Duk akawun da ya iya lissafin albashi ya iya wannan, duk ɗan kasuwar da ya iya fid da riba ya iya shi.

Awon kwana 90 yana nuna nonon uwa fiye da kome. Awon kwana 180 shi ke nuna ƙoƙarin ɗan da kansa, bayan ya rabu da nono. Don haka kada a yanke hukunci sai an ga na biyun.

A yi adalci wajen gwadawa

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ya zama na sa'o'i. Kada a gwada ɗan da ya sha nono shi kaɗai da wanda ya raba da ɗan'uwansa. Tilo kullum yakan fi tagwaye nauyi lokacin yaye, ba don ya fi su iri ba. Kada a gwada ɗan kaka, wanda ya tarar da harawa sabuwa, da ɗan bazara wanda ya tarar da rumbu wayam. Haka kuma ɗan fari yakan kasa na tunkiyar da ta yi haihuwa 2 ko 3. A jera waɗanda aka haifa lokaci ɗaya, suka ci abinci ɗaya, sa'an nan a ga wanda ya yi fice. In ɗan tagwaye ya kamo tilo a wata 6, lalle wannan abin riƙewa ne.

Kada kuma a sa rai da abin mamaki cikin shekara ɗaya. Masana kiwo sun gano ba dukan fifikon dabba ke bin jini ba. Wajen nauyi, kamar sulusi ne ko ƙasa da haka ke wucewa, sauran na abinci ne da lafiya. A misali, rago ya fi sa'o'insa da kilo 6. Sulusin 6 shi ne 2. Ɗa kuwa rabi yake samu daga uba, watau kilo 1. Wani zai ce ai wannan kaɗan ne. Amma kilo 1 ne a jikin kowane ɗa, kuma ba ya komawa. In aka sake zaɓe cikin 'ya'yan, sai wani ya hau kan wancan, kamar adashi. Dusa in an daina ba da ita ƙiba ta zube, amma iri yana nan.

Wanda ya ci kaɗan ya yi nama

Saurin girma kaɗai bai isa ba, sai an san abin da aka kashe. A birni kamar Kaduna kusan kome saye ake yi, harawa, da dusa, da ƙuli-ƙulin angurya, har kanwa. Saboda haka in an fid da 'yan raguna 2 ko 3 da suka yi fice a wata 6, sai a turke kowanne daban wata 2. A riƙa auna wa kowa abincinsa da kwano ɗaya, a ƙidaya dammunan harawa, abin da ya rage kuma a lura da shi. Kowane mako 2 a ɗora su a sikeli. In biyu sun ci daidai, ɗaya ya ƙara kilo 6, ɗaya kilo 4, to na farkon ya nuna kansa. Kowane kilo na jikinsa ya fi araha.

Ya kamata a sani, kitse ya fi tsoka cin abinci. Ƙaramin rago mai tasowa nama yake sawa, tsoho kuwa kitse. Shi ya sa irin da ke kai girman kasuwa da wuri ya fi riba, ko da a ƙarshe bai kai wani tsawo ba. Salla kuma kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11, saboda haka mai lissafi yakan ƙidaya baya ya san watan da zai sa rago cikin tumaki.

Abin da za a duba a jiki

Bayan littafi ya yi magana, sai ido da hannu su yi nasu. A buɗe baki. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri. Haƙoran ƙasa su sauka daidai kansa. In muƙamuƙi ya zarce ko ya gaza, dabba ba ta iya tsinkar ciyawa sosai, kuma abin yana bin jini. Haƙora ne kuma ke faɗin shekaru. Rago yakan yi famfarar farko, manyan haƙora 2 su fito, tsakanin shekara 1 da shekara 1 da rabi. Bakinsa yakan cika da manya 8 wajen shekara 4. Wanda ya san wannan ba a sayar masa da tsoho da sunan yaro.

A dubi ƙafafu, su zama miƙaƙƙu, kofato lafiyayye, gama gurgun rago ba ya hawa. A dubi ƙirji mai faɗi, da dogon gadon baya, da cikakkiyar cinya, nan nama yake. A shafa maraina, su zama biyu, girmansu ɗaya, manya, ba kumburi ba ƙulli. Mai ɗaya ko mai ƙanana a kai shi turke. A ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta. In ja ce, jini ya wadata. In ta yi fari, tsutsar ciki mai shan jini ta kama shi. Ɗan ragon da ya ratsa damina idonsa ja, alhali sa'o'insa sun yi ta rama, ya nuna juriya, ita ma tana bin jini. Ƙaho da launi su zo a ƙarshe. Masu saye suna son su, amma ba a cin ƙaho.

Kada a manta da uwa. A zaɓi ɗan tunkiyar da ke haihuwa a kan kari, mai hantsa lafiyayya da nono, wadda ba ta ƙin ɗanta, 'ya'yanta kuma suna rayuwa. Tagwaye alheri ne ga mai abinci. Ga wanda ba shi da shi, gara ɗa ɗaya mai rai da biyu matattu.

Riƙon ragon iri

Ragon iri ba a turka shi kamar na layya. In ya yi teɓa sai ya yi nauyin jiki, ya rage kuzari. A ba shi harawa mai kyau, da dusa daidai gwargwado, da ruwa mai tsabta, da gishirin lasa, da wurin motsa jiki. Kada a sa shi aiki sosai sai ya kusa shekara, kuma a shekararsa ta fari tumaki 15 sun ishe shi. In ya yi zazzaɓi mai tsanani, a ba shi kamar wata 2 kafin a dogara da shi, domin iri a jikin rago yakan ɗauki wajen mako 7 kafin ya nuna.

Sauran 'yan raguna fa? Masu sayen ragon layya sun fi son wanda ba a dandaƙe ba, don haka mutane ba su son dandaƙa. To, in ba za a dandaƙe ba, tilas a raba su da mata tun suna wata 4 ko 5, a ɗaure su a turke. In ba haka ba, aikin zaɓe duk ya tashi a banza.

Sai maganar jini ɗaya. Ciki wata 5 ne, 'yar tunkiya kuma tun tana wata 7 ko 8 tana iya karɓar rago. Ke nan da rago ya shekara cikin garke, 'ya'yansa mata sun isa. In aka bar shi ya hau su, sai a fara ganin 'ya'ya raunana masu yawan mutuwa. A musanya shi da na wani mai kiwo wanda ba su haɗa jini ba. In ya gama zamaninsa, sa'an nan a turke shi a sayar. Mai shi bai yi hasarar kome ba, jinkiri kawai ya yi, ya kuma ci riba biyu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Wani zai ce, duk wannan na mai garke ne, mai tumaki 4 a bayan ɗaki fa? Gaskiya ne, yawancin masu kiwon Kaduna haka suke, da yawansu ma matan aure ne a cikin gida. Da safe a buɗe ƙofa, tumakin unguwa su haɗu, kowane rago ya hau wadda ya samu. Mutum ɗaya ba ya iya gyara wannan, amma unguwa tana iyawa.

An gwada a wasu ƙasashe. A Kwaddibuwa, cikin 1983, aka kafa shirin zaɓen ragunan ƙasar, ana auna su a kwana 80, da 180, da 365, waɗanda suka yi fice a rarraba wa masu kiwo. A Habasha kuma, daga 2009, ƙauyuka a yankunan Bonga, da Horro, da Menz suka haɗa kai, suna rubuta haihuwa da nauyi, su taru su zaɓi ragunan iri, su riƙa zagayawa da su tsakanin gidaje. Ba baƙon iri suka kawo ba, nasu na gida suka gyara.

Haka gida 10 a Hayin Banki ko Unguwar Dosa za su iya. Su sayi sikeli ɗaya, su sa mai ilmi ɗaya ya riƙe littafi, su zaɓi rago ɗaya ko biyu, su biya mai shi kuɗin Salla don kada ya sayar, su raba nauyin ciyarwa. Tunkiya in ta nemi rago takan yi ta kuka da kaɗa wutsiya, abin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ba ta samu ba, takan sake bayan kwana 16 ko 17. Da an ga alama sai a kai ta gidan da rago yake.

Masu ba da shawara kuwa ba su da nisa. A hanyar Mando akwai Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. A Shika, gaba da Zariya kan hanyar Funtuwa, akwai gonar dabbobi da aka kafa tun 1928, wadda ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa, NAPRI, cikin 1976, ta kuma daɗe tana aiki kan tumakin 'Yankasa.

Rigakafi ya fi magani

Rago mai zagaya gidaje yana iya zagayawa da cuta. Duk wanda aka sayo daga kasuwa a ware shi mako 3 ko 4, a ba shi maganin tsutsa, a cire masa kaska, a lura da hancinsa da kashinsa. Babbar abokiyar gaba ita ce cutar nan ta majina da zawo da gyambon baki da likitoci ke kira PPR, wadda aka fara ganewa a Kwaddibuwa cikin 1942. Tana iya share garke cikin 'yan kwanaki. Akwai allurarta, ana yin ta a Vom ta Jihar Filato, kuma allura ɗaya takan tsare dabba shekara 3. A nemi malamin dabbobi ya yi wa garken duka, ba rago kaɗai ba.

Saboda haka bana, kafin dillali ya shigo gida, mai kiwo ya buɗe littafinsa tukuna. Ragon da ya fi sauri, ya fi lafiya, ya fi arahar ciyarwa, a ɗaura masa alama a wuya, a ce wannan ba na sayarwa ba ne, ko nawa aka taya. Allah ya sa albarka a turke.